Injiniya Saude da firjin 'Yankuzo

Kullum da safe Injiniya Saude Yusha'u kan baro Bunguɗu a motar haya, ta sauka tasha a Gusau, ta ƙarasa da ƙafa zuwa wani ƙaramin kamfanin haɗa kayan sola. Ɗakinta ne na ƙarshe, jikin wurin ajiye batura. Ba ta ƙera komai. Wasu ne ke zana ƙwaƙwalwar na'ura, ɗan farantin nan da ke gaya wa injin famfo ko firji lokacin tashi da lokacin tsayawa. Ita aikinta ta karɓi zanen tun yana cikin kwamfuta, kafin a buga shi, ta nemo inda zai yi kuskure. Ta fi shekara goma tana haka. Watan jiya ta yi ritaya.

Aikin yana da wahalar da ɗan kallo ba ya gani. Firjin ajiye magani yana da ma'aunin zafi uku, ga batir mai cika yana raguwa, ga rana mai fitowa tana ɓuya. In aka haɗa su, yanayin da na'urar za ta iya shiga ya fi ƙarfin lissafi, kuma babu wanda ya san amsar kowanne. To ta yaya za a gane amsa ta karkace alhali ba a san ta daidai ba?

Saude ba ta neman amsar. Takan ba zanen yanayi ɗaya, ta ajiye abin da ya yi. Sai ta canza abu guda wanda ta san tasirinsa, ta sake ba shi. In ta musanya ma'auni na ɗaya da na biyu, bai kamata hukuncin ya canza ba, tunda ciki ɗaya suke aunawa. In ta ƙara zafi, bai kamata sanyayawa ta ragu ba. Kwamfuta ta yi ta maimaitawa sau dubbai. Duk inda amsa biyu suka saɓa wa wannan ƙa'ida, akwai kuskure. Gwajin musanya take ce masa. A ƙasar da na yi karatu yana da dogon suna, kuma masu zana manyan ƙwaƙwalen kwamfuta sun fara karkata gare shi. Ita a takardun bincike ta karanta shi, ta zauna ta daidaita shi da kayan da ake haɗawa a nan.

Bara waccan kamfanin ya samu aikin firji na ƙananan asibitocin ƙauye, na farko kuma na 'Yankuzo ne, a ƙasar Tsafe. Allurar tsayar da jini bayan haihuwa za a riƙa ajiyewa a ciki, wadda zafi ke kashe ƙarfinta. Injiniya Dalhatu ne ya yi zanen, shi ya ba ni labarin. Duk gwajin da aka saba yi zanen ya ci. Da ya zo hannun Saude, ta riƙa ƙara masa zafi kaɗan-kaɗan tana rage batir. A wani wuri, maimakon injin sanyi ya ƙara aiki, sai ya tsaya cak, allon gaban firjin kuma ya daskare a kan lambar ƙarshe mai kyau. Ciki na ɗumama, fuska na cewa lafiya.

Masu ba da aikin sun ce sai da sa hannun mai gwaji. Ta ƙi.

Zulai ce ungozomar 'Yankuzo. Da jira ya ishe ta, ta zo Gusau da kanta, aka nuna mata ɗakin ƙarshe.

"Hajiya, ke ce kika riƙe muna firji?"

"Ni ce. Zauna."

"Ban zo zama ba. Ni da kaina nike hawa babur zuwa Tsafe in ɗauko allura cikin kular ƙanƙara. Kin san wagga hanya. Maigidana har ya daina yi min magana ranar tafiya."

Saude ta juya mata kwamfutar.

"Ni ban san kwamfuta ba," in ji Zulai. "Ko wayata ɗiyata ke buɗe min."

"Kin san allura. In ta kwana cikin zafi, kamanninta na canzawa?"

"A'a."

"To shi ma wanga firji fuskarsa ba ta canzawa. Kularki, in ƙanƙara ta narke kina gani, ki zubar. Wannan zai ce maki ki yi wa mace allurar, ki tsaya kina jiran jini ya tsaya."

Zulai ta ce, "To yaushe?"

"Ban sani ba."

"Allah ya ba ki lada, Hajiya. Ni dai ba ki samu godiyata ba."

Jiran ya yi ɓarna, ba zan ɓoye ba. Wata rana babur ya lalace a hanya, ƙanƙara ta narke, Zulai ta zubar da allurar. Kafin a samo wata, wata mata daga ruga ta haihu, jini ya ɓalle, aka yi Tsafe da ita a sume. Ta rayu. Amma labarin da ya iso Gusau shi ne wata tsohuwa mai taurin kai ta kusa kashe mai jego. Aka ɗauke Saude daga aikin, aka ba ta gwajin fitilun titi. A motar Bunguɗu ma, in ji abokan tafiyarta, an yi zancen a kunnenta.

Sa hannun dai babu wanda zai yi sai ita, don ita kaɗai ce mai gwaji a kamfanin. Dalhatu ya gyara zanen, ya kai mata. Ta musanya ma'aunai, ta gano gyaran ya haifi wani kuskuren. Ya ce ranar ji ya yi kamar ya jefar da kwamfutar. Ya koma ya sake. A karo na uku ta sa hannu.

An kafa rumfa ranar miƙa firjin, an yi jawabai. Ba a gayyace ta ba.

Ke ce kika ɗauki zagin da ya kamata kuskuren ya ɗauka, Saude. Ke ce kika gwammace a ce ba ki da tausayi, da ki bari a yi wa mace allurar da ta mutu. Ba ki taɓa cewa jiran bai cuci kowa ba. Dalhatu ya ce kin tambayi sunan matar nan ta ruga, kin kuma tambayi lafiyar jaririn.

Kunyar tamu ce. Muna da ƙungiya a Gusau, mu da muka yi karatu a nesa muka dawo. Duk shekara mukan kama zaure mu raba lambobin yabo, mu yi dogon zance kan yadda jiharmu ta rasa ƙwararru. Sunan wannan mata bai taɓa shiga bakinmu ba. Ranar bankwananta ba mu cika benci biyu ba, shugaban kamfanin kuma ya gode mata bisa zuwa aiki a kan lokaci.

Zulai ta zo, a kan babur. Aka ce ta yi magana, ta miƙe.

"Bazarar bana kun ga zafin da aka yi. Firjin bai tsaya ba. Na sa hannuna ciki na ji, don ni har yanzu ban yarda da allo ba." Ta juya wajen Saude. "Godiyar da na hana ki, Hajiya, na kawo."

Mun gode, Injiniya. Allah ya ba ki hutu mai lafiya.

Ɗakinta yana rufe. Ba a ɗauki kowa ba tukuna, sabon zane kuma yana hanya, na asibitocin Wanke da Magami. Matasanmu masu karatun lantarki duk zane suke so, don sunan mai zane ake kira a rumfa. Muna buƙatar ɗaya da zai zauna a ɗakin ƙarshe, ya iya cewa "ban sani ba" a gaban mai gaskiyar fushi. Saude tana Bunguɗu, ta ce duk wanda ya zo za ta koya masa. Har yau ba wanda ya je.