Zuwa Manchok Neman Man Inji Mai Sauƙin Hayaƙi

Fadan Kaje, Talata

Na bar gida ƙarfe biyar da kwata na asuba da jarka a hannu. Matata Saratu ce ke tsayawa kan injin niƙanmu, kuma baƙin hayaƙin dizal ya sa mata tari. A asibiti an ce ko ta rabu da hayaƙin, ko ƙirjin ya ƙi warkewa. Injin nan kuwa shi ke ciyar da mu. Na ji labarin wani tsohon malamin makaranta a Manchok mai haɗa man inji daga tsohon man suya, sai na ce bari in gani da idona.

Kafanchan

Bas ta sauke ni ƙarfe bakwai saura. Na sha shayi da burodi a tasha. Motar Manchok ba ta cika ba sai takwas da minti goma.

Manchok

Ƙarfe tara na sami malamin, Malam Bulus, a bayan gidansa. Bai yi dogon bayani ba. Ya tada injinsa da dizal zalla, ya kara farin ƙyalle a bakin salansa, ƙyallen ya yi baƙi ƙirin. Ya juye nasa haɗin, muka jira, ya kara wani. Wannan toka-toka kawai ya yi, wurin ya ɗauki ƙanshin ƙosai.

Na ce, "Malam, ƙarfin fa? Na ji muryar injin ta sauka."

Ya ce, "Kunnenka bai yi ƙarya ba, yana ɗan raguwa. Ka zuba gwangwani ɗaya a huɗu na dizal. Makon farko filta za ta toshe, don man yana wanke dattin tanki. Ka canza ta, kada ka zage ni. In ya yi kauri da sanyin safe, ajiye jarkar a rana."

Na rubuta duka a littafina na ajin yamma, a hankali, yana jira. Ya cika mini jarkar da man nasa. Matarsa ta ba mu tuwon acca.

Kagoro

A hanyar komawa, a shinge soja ya buɗe jarkar ya sansana.

"Baba, man miya ne?"

Direba ya ce, "Oga, injinsa ne ya fara cin ƙosai."

Sojan ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Gida

Na iso huɗu da rabi. Muka haɗa man yadda na rubuta, Saratu ta niƙa kwano uku na masara. Niƙan ya ɗan fi daɗewa. Hayaƙin ya ragu sosai, amma bai ƙare ba, kuma na ji ta yi tari sau biyu.

Ta kashe injin ta ce, "Baban Ladi, wannan zan iya tsayawa a cikinsa. Sauran kuma, gobe ka fasa bango ka fitar da salansan nan waje."

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Bulus. Washegari na ari guduma.