Safiyanu Mai Jera Takalma

Safiyanu gyaran keken ɗinki yake yi a unguwar Manawashi da ke Gombe, amma ba da wannan aka san shi ba. Shekara goma sha tara ya yi yana jera takalman mutane a ƙofar zawiyar Shehu Bamanga. Ranar da ya karɓi ɗariƙa ya zaci wani babban sirri za a raɗa masa a kunne, sai Shehu ya nuna masa tulin silifa ya ce, "Ga karatunka. Ka juya kowane takalmi ya fuskanci hanya. Duk wanda ya cire takalmi a nan ɗan gida ne. Kada ka tambaye shi daga ina, kada ka mai da shi."

Ya kuwa riƙe. In an shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiyar da'ira an fara wazifa, sai ya zauna bakin ƙofa ya rufe ido kamar kowa.

Shehu ya rasu shekara guda kafin bam ya fara tashi a tashoshin Gombe. Wakili, muƙaddamin da ya gaji buzun, ya mai da wazifa bayan la'asar saboda dokar hana fita, ya sayo na'urar bincike ya danƙa wa Safiyanu. Daga ranar idon bawan Allah bai sake rufuwa ba. Baki na salati, ido na titi. Salansar mota ta yi ƙara, ya miƙe zumbur. Matarsa Na'ima ta ce ko tuwo a tsaye yake ci, kamar wanda ake jira a mota. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma yana jin kunyar Shehu a kan tsoron.

Wata Laraba sai ga wani dattijo da ba a sani ba, ƙafa duk faso, hannu dafe da wani ƙunshi a ƙarƙashin riga. Kafin Safiyanu ya iso, har ya cire takalmi.

"Baba, mene ne a cikin rigar?"

"Kayan wazifa ne, ɗana."

"Kawo in duba."

Tsohon ya kalli hannun Safiyanu, wanda ke riƙe da takalmin wani, ya ja da baya. "Ba da wannan hannun ba. Wanke tukuna."

Wa zai bar ƙofa ya tafi neman buta, mutum sittin na ciki ido rufe? Safiyanu ya tare ƙofa. Ya tura wa tsohon takalminsa da ƙafa. "Sa abinka, Baba. Yau ba shiga."

Tsohon ya sa takalminsa. Ya tsallaka titi, ya share ƙasa a gindin bishiyar dogon yaro, ya zaro ƙunshin ya warware a hankali. Farin ƙyalle ne irin nasu, gefe ɗaya wuta ta ci, ya yi baƙi ƙirin. Ya shimfiɗa, ya zauna shi kaɗai, yana bin muryoyin da ke fitowa ta taga.

Ashe daga gabas ya gudo. An ƙone zawiyarsu, kuma abin da ya iya fitowa da shi ke nan. Amma wannan daga baya Safiyanu ya ji. A lokacin, ƙonannen gefen kawai ya gani, ya kuma tuna da ƙafar da ya tura takalmi da ita.

Ya kalli ƙofa, ya kalli titi, ya sake kallon ƙofa. Ya taɓa wani mutumin sahun baya, ya miƙa masa na'urar. Ya wanke hannu har gwiwa, ya tsallaka, ya ɗauko takalman tsohon daga inda ya tuɓe su, ya jera su suna fuskantar hanya. Sannan ya durƙusa a bakin ƙyallen, bayansa na titi. Motoci na wucewa, bai waiwaya ba.

Tsohon ya ɗan matsa masa wuri ba tare da ya dube shi ba. Safiyanu ya rufe ido.