Rigar Aikin Aruna

Aruna ɗan mahauta ne daga zangon Kumasi. Cikin jini da tumbi ya tashi, amma kifi ko a miya ba ya son gani. Sai ga shi abincinsa ya kai shi Doha, gidan adana tsofaffin jiragen ruwa na katako, irin waɗanda a zamanin da ake fita neman lu'ulu'u da su. Narka kitse da ya iya tun yana yaro shi ya sama masa aikin, don da kitsen rago da farar ƙasa ake shafe gindin jirgi, kada tsutsa ta ci katakon. Abin da ba a gaya masa ba, saman jirgin da man hantar kifi ake shafe shi, wani ruɓaɓɓen abu mai ƙarnin tsiya. Kullum sai ya tofar da yawu kafin ya buɗe garwar man.

Ƙarnin nan ba ya jin sabulu. A jirgin ƙasa, tun daga Mushairib har Wakra, kujerar gefensa ba ta samun mai zama. A masallaci ma ƙarshen sahu yake raɓewa, bawan Allah.

Da matarsa Safura ta biyo shi, bayan shekaru da aure ba haihuwa, a bakin ƙofa ta kafa wa rigar aikinsa ƙusa. Ta yi ta ƙona turare har maƙwabta suka fara tari. Ƙarshe ta ce, "Maigida, kalas, ya ishe ni. Ko ka bar jiragen nan, ko in koma Kumasi bayan Sallah." Bai ga laifinta ba, shi ma ƙyamar kansa yake yi. To amma ina wani aikin?

Sallah ta matso, ran nan ya fito wanka bai ga rigar a ƙusa ba. Ya ce shi ke nan, ta jefar. Da ya leƙa ɗaki, sai ga Safura a bakin gado, ta cusa hanci a wuyan rigar tana shaƙa, ido a lumshe. Ya toshe hanci.

"Lafiyarki kuwa?"

"Kwanan nan in ban shaƙi wannan ba, ba na iya cin komai," ta ce a kunyace, hannunta a kan mararta. "Kar ka wanke ta."

Ciki ne, bayan duk shekarun nan.

Washegari ya buɗe garwar, ya tofar da yawu kamar kullum, sannan ya lakato man ya goga a wuyan rigar.