'Yar Mai Gahawar Ƙasan Bene

"Banki, banki! Tun safe ba ka da zance sai banki. Kai za ka yi aikin ko ni?"

"Ni na isa? Ni da ban iya komai ba sai dumama madara. Ke ce mai ilimi."

"Ban ce haka ba, Baba."

"Bakinki bai ce ba. Fuskarki ta ce."

Sai jirgin sama ya taso. Mu mutanen unguwar Marrickville, kusa da filin jirgin saman Sydney, ko faɗa muke yi, in jirgi ya zo wucewa mukan dakata, ya wuce, mu ɗora daga inda muka tsaya. Ranar Lahadi ce da la'asar, ina kicin ina yanka albasa, kuma bangon da ya raba gidana da nasu ko cokali ne ya faɗi sai na ji. Da ƙarar ta lafa na kasa kunne, amma babu wanda ya ɗora. Ƙofa kawai na ji an buga.

Mai muryar farko Despina ce, shekararta ashirin da ɗaya, saura mata shekara guda ta gama karatun harkar kuɗi a jami'a. Ɗayan ubanta ne, Manoli Kalligeros, wanda ya shekara goma sha tara yana sayar da gahawa a wani ɗan shago a ƙasan wani dogon bene a tsakiyar Sydney. Abin da ya haɗa su takardu biyu ne. Wurare biyu sun kira ta koyon aiki na mako goma a babban hutun zafi, kuma duka biyun suna jiran amsa kafin ƙarfe biyar na ranar Juma'a. Ɗaya bankin zuba jari ne, irin wanda manyan kamfanoni ke ɗauka ya shirya musu cinikin sayen juna. Ɗayan ƙaramin kamfani ne na mutum goma sha biyu, masu tara kuɗin attajirai su sayi kamfani sukutum, su gyara shi, su sayar. 'Yan ajinsu kamfanin nan na biyu suke mafarkin samu, don da wuya su ɗauki ɗalibi. Ita ma shi ta ce tana so. Shi kuwa Manoli banki yake so, kuma bankin nan yana hawa na talatin da ɗaya na benen da yake sayar da gahawa a ƙasansa.

Na san Despina tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya, shekarar da na tare a gidan, shekarar da mahaifiyarta ta rasu. Babu wanda za a bar wa ita in an yi hutun makaranta, don haka da asuba uban yakan naɗe ta cikin rigar sanyinsa su kama jirgin ƙasa na farko. A shagon ta koyi rubuta sunan mutane a jikin kofin takarda. Kafin ta kai sha uku ta haddace abin da mutum sittin suke sha, wa ke son madarar waken suya, wa ke cewa ba ya shan sukari amma yana zubawa in ya juya baya. Daga bayan injin gahawa ta riƙa kallon masu kwat suna shiga lif ɗin hawa bene, tana tambayar uban me suke yi a can sama. Ya ce bai sani ba, amma ko mene ne yana sa mutum furfura da wuri. Da ta shiga sakandaren masu ƙoƙari sai zuwa shagon ya ragu. Da ta shiga jami'a ya tsaya cak, sunan nata ma ya gajarce, ƙawayenta Dee suke ce mata.

Ranar Litinin ta shigo mini da lemon tsami cike da leda, na bishiyarsu da ke leƙo katangata.

"Kin ji mu jiya ko?"

"Har mutanen cikin jirgi sun ji ku."

Ta zauna ta jero mini dalilai kamar mai karanta takarda. Ƙaramin kamfanin mutum biyu kacal ya ɗauka a duk ƙasar. A can za ta zauna kusa da masu yanke shawara, ta ga yadda ake tafiyar da kamfani daga ciki. A banki kuwa su arba'in ne, kuma aikin ɗan koyo bai wuce gyara jadawali da daidaita rubutu ba. Duk gaskiya ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda dalilan suka fito sumul, babu ko tuntuɓe. Mutumin da ke tsaka da shawara ba haka yake magana ba.

Na ce, "To, ai kin gama. Me ya hana ki buga musu waya?"

Ta riƙa murza lemo a tafin hannunta.

"Watan jiya ke kika ce mini horon banki ya fi, kuma su kansu masu sayen kamfanonin a banki suka fara. Me ya canza?"

"Kerryn, ke fa kin cika tono."

"Halina ke nan. Faɗa mini."

Ta ce, "Kin san wa ake aika sayo gahawa a banki da ƙarfe goma? Ɗan koyo. Kullum. Ya bi tebur tebur ya rubuta abin da kowa ke so, ya sauko ƙasa." Ta ɗaga kai. "Wurin wa zai sauko?"

Sai sauran ya fito da kansa. Ranar intabiyu, matar da ta yi mata tambayoyi, wata babba a bankin mai suna Raewyn Pillai, ta tambaye ta sana'ar iyayenta. Despina ta ce babanta yana harkar abinci a cikin gari. Ba ƙarya ba ce, amma ita ta san abin da ta yi. Ta ƙofar baya ma ta shiga benen ranar. Sannan akwai abu na biyu da ke cinta: ta san bakin ubanta. Mutumin da ke nuna wa direban bas sakamakon jarrabawarta, zai yi shekaru yana miƙa wa manyan banki kofi bai ce a taimaki 'yarsa ba?

"In shi ya roƙa mini, to ba ni na ci ba. In kuma bai roƙa ba, ni ce na ɓoye shi a banza. Ko ta ina ba na son hawa benen nan."

"Ki tambaye shi mana."

"Baba? Zai rantse da kabarin Mama ya yi mini ƙarya, don kar raina ya ɓaci."

Abin da ya faru ranar Alhamis daga bakinsu su biyu na ji shi, kuma sun saɓa a wurare kaɗan ne kawai. Despina ta tashi da asuba ta bi uban tasha ba tare da ta ce masa komai ba. Shi ma bai tambaya ba, ya dai matsa mata a kujera. A shago ta ɗaura gyauton aiki, ta ɗauki alƙalami, ta tsaya inda ta saba tsayawa. Dabararta ita ce ta ga wa zai gane ta, da kuma yadda zai gane ta. Hannunta bai manta ba. Wani tsoho mai sanƙo ya zo, kafin ya buɗe baki ta rubuta abin da yake sha shekara takwas da suka wuce, kuma bai canza ba.

Wajen ƙarfe takwas saura Raewyn Pillai ta iso gaban layi tana duba waya. Ta ɗaga kai.

"Dee? Me kike yi a nan?"

Despina ta ce tana jin injin ya tsaya a bayanta. Kafin ta haɗa kalma, Manoli ya leƙo yana goge hannu, yana murmushin da yake yi wa masu ciniki.

"Sabuwar ma'aikaciya ce, ranki ya daɗe. 'Yar jami'a ce, tana ɗan taya ni na kwana biyu."

Ko kallonta bai yi ba. A nan ta samu amsoshinta duka biyu a lokaci ɗaya. Bai taɓa roƙa mata komai ba, bai ma taɓa faɗa musu sunanta ba. Kuma ya san ta ƙofar baya ta shiga ranar intabiyu, don mai gadin benen abokinsa ne. Ya sani, ya yi shiru, yanzu ga shi yana taya ta ɓoye kansa.

Ta ajiye alƙalamin. "Babana ne," ta ce. Muryar ta fito ƙasa ƙasa, sai ta maimaita yadda har na ƙarshen layi ya ji. "Babana ne. A nan na girma."

Matar ta dube shi, ta dube ta, ta fashe da dariya. "Manoli! Shekara uku ina tambayar ka 'yarka, kana ce mini tana nan tana karatu. Ashe ita ce ta kusa kashe ni da tambayoyi a intabiyu?"

Manoli ya ce shi a lokacin madara ce ta ƙone masa, shi ya sa ya juya baya. Despina ta ce babu madarar da ke kan wuta.

A jirgin ƙasa na komawa gida ta tambaye shi me ya sa ya nace wa banki, tunda ba don ya yi alfahari da ita ba ne. Ya ce shi bai san bambancin wuraren biyu ba, har yau. Abin da ya sani, yana fita tana barci, tana dawowa yana barci, shekara uku ke nan. In tana benen, ko ba ta tsaya ba zai ga wucewarta da safe.

Ranar Juma'a da rana na ji tana waya ta bango, sau biyu, ban dai kama kalmomin ba saboda jirgi. Can sai ga ƙwanƙwasa. Ta ƙi shigowa, wai sauri take yi za ta sayo takalmin aiki. A tsaye ta ba ni labari. Ta ce ta sake auna wuraren biyu da zuciya ɗaya a karon farko, kuma har yanzu aikin ƙaramin kamfanin ya fi burge ta. Amma da ta kira su, shugaban da kansa ya ce mata ta je ta sha wuyar banki shekara biyu ta dawo, shi ma ta can ya bi, kuma ya riƙe lambarta. Sai ta kira banki ta ce ta karɓa.

Na ce, "To aiken ƙarfe goma fa?"

Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta sauka mataki ɗaya, ta juyo.

"Baba ya ce in na sauko sai na bi layi kamar kowa. Kuma wai a kan kofina Despina Kalligeros zai riƙa rubutawa, cikakke, da manyan baƙaƙe. Na ce masa ya rubuta, in kofin ya isa."