Yadda Gonar Ubale Ta Zama Filin Gari

Duk wanda ya yi wayo a Kafin Maiyaƙi kafin a sami mulkin kai ya san Ubale. Gajere ne mai faɗin ƙirji. Ba ya kokawa, ba ya kiɗa, amma ba a taro sai da shi. Gonarsa ta gado tana bakin gari ta gabas, shimfiɗaɗɗiya, ga tsamiya biyu masu inuwa. Al'adar garin ita ce in an gama girbi manomi ɗaya ya ba da aron gonarsa a yi wasan kaka, baɗi wani ya karɓa. Da aka zo kan ta Ubale sai aka ji daɗinta, aka zauna.

Shi ma ya ji daɗi. Da hannunsa yake tumɓuke tushiyar dawa kada ta soki 'yan kokawa, ya tsince ƙaya, ya yayyafa ruwa. 'Yan Kiru su zo, 'yan Bebeji su zo, har Fulani sun taɓa yin sharo a wurin. Makaɗa na wasa shi, Ubale mai baƙi dubu. Matarsa Tasalla takan tambaye shi ko kalangu za ta tuƙa musu da damina. Sai ya yi dariya.

Ana nan zamanin jam'iyyu ya zo, ita kuwa lacca ba ta jiran kaka. Dagaci ya kira Ubale ya ce manyan baƙi za su zo daga Kano tsakiyar damina, ya daure ya bar gonar bana kawai, an nema masa aron wata a bayan dutse. Ubale ya durƙusa ya ce ya ji. Da shekara ta zagayo ɗaya jam'iyyar ta ce ita ma sai nan. A ta uku aka kafa rumfa. Ubale bai je ya tambayi gonarsa ba, don a ganinsa rashin ladabi ne talaka ya tuna wa babba alkawarinsa.

Da ruwan shuka ya sauka a shekara ta huɗu, ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri. Bai sara rami goma ba aka zo kiransa fada. A can aka tuna masa cewa gonar da ta yi damina uku ba a noma ta ba, a al'ada takan koma hannun gari.

"Ranka ya daɗe, ai kai ka ce in bari."

"Damina ɗaya na ce, Ubale. Sauran biyun ka zo ka tambaye ni?"

Dagaci ya juya ga dattawa, ya ce ko akwai wanda ya ga tsiro a wurin cikin shekarun nan. Suka sunkuyar da kai suka ce babu. Ba su yi ƙarya ba.

Damina huɗu Ubale ya ƙara yana fama da tsakuwar bayan dutse, sannan ya rasu. Gonar aro ba a gadonta. Ana gama sadakar arba'in mai ita ya karɓi abarsa, Tasalla ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan wanta a Tudun Wada.