Sunan da Lambrini ta Bari a Gidan Ubanta

Lambrini tela ce. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana taka keken ɗinki a wani ɗan shago a Iraklio, unguwar da ke arewa da Atina, babban birnin Girka, har gwiwoyinta suka ƙi. A gidan Raidel aka haife ta, kuma a unguwar ba sai an yi wa kowa bayanin sunan ba. Tsatson sojojin Bavariya ne da suka rako sarki daga Jamus, da aka sallame su aka yanka musu gonaki a nan suka zauna. Tana da shekara ashirin da biyu ta auri Manolis direban tasi, sunan gidansu ya fita daga takardunta, ita kuwa ko a jikinta. Sai da Manolis ya rasu, 'yarsu tilo ta yi aure a Patra, sannan abin ya fara sukarta. Sunan yana nan a ƙofar gidan ubanta, amma wata mace ce ke amsa shi.

Evantiya ke nan, matar ƙaninta Stratos, 'yar Volos, malamar makaranta da ta yi ritaya. Ba su taɓa faɗa ba, ba su kuma taɓa shiri ba. Evantiya na ce mata Yaya, ita kuwa Malama take ce mata, da wata irin murya da ba a rasa gane abin da ke ƙarƙashinta.

Abin da Lambrini ta fi kowa a dangi shi ne labarin Kaspar Raidel, kakan kakanta, mutumin da ya kawo sunan ƙasar Girka. Daga bakin kakanta Lukas ta ji shi, lokacin da ya kwanta ciwon ajali tana 'yar shekara goma sha huɗu, ita ke ba shi miya a baki. Lukas ya riski Kaspar da rai. Ya ce hafsa ne, mai farin doki da takobi, a ƙofar fada yake tsayawa. Duk bikin Ista, idan an sauke ragon daga wuta dangi sun zauna, Lambrini ce ke ba da labarin, kuma duk shekara dokin sai ya ƙara fari.

Da Evantiya ta bar aiki sai ta rasa abin yi, ta shiga bin asalin gidan mijinta. Ta roƙi Fada, limamin cocinsu, ya buɗe mata tsofaffin littattafan baftisma na coci. Ta yi ta zarya ma'ajiyar takardun gwamnati. Ta shiga ajin Jamusanci, har ta koyi karanta tsohon rubutun hannunsu mai kama da ƙaya. Shekara biyu tana wannan aiki, Lambrini na ji a bakin mutane.

Ranar Ista ta shekara ta uku, Lambrini ta gyara murya za ta fara, sai Evantiya ta zaro takardu daga jaka.

"Yaya, kafin ki fara, na samo takardar sallamarsa."

"To, Malama, a karanta mana. Mun shiga aji."

Evantiya ta karanta. Kaspar ya sauka tashar jirgin ruwa ta Nafplio a shekarar 1834, yana da shekara ashirin da biyu. Ba hafsa ba ne, ƙaramin soja ne mai kora keken dokin da ke ɗaukar gari da gishiri. Keken ya bi ta kan ƙafarsa ta hagu a wata gangara, aka sallame shi a 1838 yana ɗingishi. Ya karɓi gonarsa, ya koyi haɗa gangunan katako na zuba ruwan inabi, ya auri wata Markela 'yar tsibirin Siros. Sun haifi tara, huɗu suka rayu.

"Dokin fa?" in ji wata jikar gidan.

"Alfadarai biyu aka rubuta," in ji Evantiya.

Aka kwashe da dariya, har Stratos ya ƙware. Lambrini ta ajiye cokalinta.

"Kin gan shi ne? Ni wanda ya gan shi da idonsa ne ya gaya mini. Ke kuwa a takarda kika tsince shi, kamar yadda kika tsinci sunan."

Evantiya ta mayar da takardunta jaka, ta tashi ta shiga kicin kawo kofi.

Ba alfadaran ne suka fi ci wa Lambrini rai ba. Abin da ya ci mata rai shi ne tun daga ranar duk mai tambaya a kan Kaspar wurin Evantiya yake zuwa. 'Yan uwan da ke Ostareliya ita suke bugo wa waya. Wata ƙaramar jaridar unguwa ta buga hotonta a gaban kabarinsa, aka rubuta "Malama Raidel, mai riƙe da tarihin gidansu." Lambrini ta sayi jaridar, ta karanta sau uku, sannan ta shimfiɗa ta a tebur ta yanka samfurin hannun riga da ita.

Abu ɗaya ya gagari Evantiya: ƙauyen da Kaspar ya fito. Bavariya kawai takardar sallamar ta ce, ruwa ya cinye sauran layin. Ta rubuta wa coci-coci sama da talatin, babu wanda ya san shi. Lambrini kuwa tana da ƙaramin littafin addu'a mai baƙin bango, naɗe cikin ƙyalle a ƙasan akwatin zarenta. Lukas ne ya danƙa mata kwana biyu kafin ya cika, ya ce na Kaspar ne. A shafin farko akwai rubutun hannu layi goma sha biyu. Ba ta taɓa nuna wa kowa ba.

Ta so ta riga Evantiya. Ta kai littafin wurin maƙwabcinta Takis, wanda ya yi shekara ashirin a masana'antar motoci a Jamus. Ya sa tabarau, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Baiwar Allah, wannan ba Jamusanci ba ne, sawun kaji ne. Ki kai wa matar ƙaninki mana, ai ita ce gwanar wannan."

Ta fizge littafinta ta koma gida. Shekara uku ya ƙara yi a akwatin zare. Duk lokacin da ta ji wata wasiƙar Evantiya ta dawo babu amsa, sai ta ji sanyi a ranta, bayan ɗan lokaci kuma ta ji kunyar sanyin.

Wata safiya Stratos ya zo mata da lemon tsami daga bishiyar gidansu. Ya zauna yana jujjuya hularsa.

"Yaya, littafin Kaka yana wurinki."

"Wane littafi?"

"Haba Yaya. Mama ta gaya mini tun ban yi aure ba. Ni ne namijin, ni ke amsa sunan, amma ke ya ba. Kin san shekara nawa abin ya yi yana cina? Ban taɓa gaya wa Evantiya ba, don na ce ba zan roƙe ki abin da aka hana ni ba."

Lambrini ta dube shi, tsoho mai sanƙo da ta taɓa goyawa. Ba ta taɓa zaton akwai mai ƙyashin wani abu nata ba, kuma gaskiya abin ya yi mata daɗi.

"To yanzu me ya kawo ka?"

"Idon Evantiya ya fara mutuwa. Likita ya ce nan da shekara ba za ta iya karanta ƙaramin rubutu ba. In ta daina, wa zai karanta miki?"

Washegari Lambrini ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta tafi gidan ubanta. Ba ta miƙa littafin ba. Ta buɗe shi a tebur ta danne gefensa da yatsunta.

"A hannuna za ki karanta."

Evantiya ta ɗauko gilashin ƙara girman rubutu ta sunkuya. "Ga ɗana Kaspar, daga uwarsa Walburga, a Hasling, ranar da ya tafi soja. Allah ya dawo mini da shi." A ƙasa kuma, da wani hannun, sunayen yara tara ne, biyar da ɗan gicciye a gefensu. Evantiya ta kai kan na uku, wata Rozina da ta yi wata huɗu a duniya, sai hawaye ya zubo mata.

Lambrini ta janye littafin kada ya jiƙe. "Matattuna ne, Malama. Ni ya kamata in yi kukan."

"To ki yi mana, Yaya, wa ya hana ki?"

Ba ta yi ba sai da ta koma gida.

Wata biyar bayan haka amsa ta zo daga Hasling. Gonar Raidel tana nan, kuma akwai wata tsohuwa Resi, mai shekara tamanin da takwas, daga tsatson wan Kaspar. Ta gayyace su, amma sunan Evantiya ne a bayan ambulan. Lambrini ta rantse ba za ta bi kowa a matsayin 'yar rakiya ba, sannan ta ɗinka sabon kwat ta riga kowa zuwa filin jirgi.

Resi ta tare su a ƙofar gida da sandarta. Ta dubi Stratos, ta dubi Lambrini, sai ta wuce su ta kama fuskar Evantiya da hannu biyu tana magana tana dariya.

"Me ta ce?" in ji Lambrini.

Evantiya ta kau da ido. "Ta ce kina kama da babarta."

"Ƙarya kike. Fuskar wa ta riƙe?"

"To, ta ce hancina na gidan Raidel ne, ko a kasuwa ta gan ni za ta gane."

Stratos ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Lambrini ta ƙi taɓa naman alade da kabejin da aka kawo musu, ta ce cikinta ne.

Bayan cin abinci Resi ta fito da wata wasiƙa daga gwangwanin biskit. Ita kaɗai Kaspar ya taɓa aikowa, a 1851, uwarsa ta riga ta rasu da shekara biyu bai sani ba. Evantiya ta fassara musu. Ya ce ya san gonar ta wansa ce, bai riƙe kowa a zuci ba. Ya ce zaitun da ɗaci amma mutum na sabawa. Sauran duk a kan matarsa ne: Markela ce ta yi jinyar ƙafarsa lokacin da likitan soja ya so yanke ta, ita ta koya masa yaren ƙasar, kuma shekarar da zazzaɓi ya kashe musu yara biyu cikin mako guda ita ta hana shi haɗa kayansa ya koma. Resi ta miƙa wa Evantiya wasiƙar kyauta. Evantiya ba ta ko ninke ta ba, ta tura gaban Lambrini.

"Taki ce, Yaya."

Lambrini ta karɓa. Ta so ta yi godiya, amma ta ga ko wannan kyautar ma ta hannun Evantiya ta biyo, sai kawai ta ce, "Ai na sani."

Da suka dawo, maganar Markela ta tsaya mata a rai. Shekara shida ana bin Kaspar, babu wanda ya tambayi 'yar gidan wa ce matar, kuma takardunta da Girkanci suke, yaren da Lambrini ba ta bukatar kowa ya karanta mata. Da bazara ta shiga jirgin ruwa zuwa Siros ita kaɗai, tana da shekara saba'in da ɗaya, ba ta gaya wa kowa ba. Kwana tara ta yi tana hawa matakalar tsohon garin da gwiwoyinta masu ciwo. A rana ta tara ta samu takardar baftismar Markela, 'yar wani mai saƙa ragar kamun kifi mai suna Vamvakaris Rusos, kuma wata mai sayar da burodi ta nuna mata gidan da zuriyar ƙanin Markela suke har yanzu.

Daga bakin tashar jirgin ta bugo waya. Evantiya ce ta ɗauka.

"Yaya! Ina kika shiga? Stratos har asibitoci ya zaga."

"Ɗauko biro, Malama, zan ba ki sunaye ki rubuta."

"Sunayen su wa?"

"Ke dai rubuta. Kuma a ƙasa ki sa wadda ta samo."

Evantiya ta yi dariya ta ce ta ɗauko. Lambrini ta buɗe takardarta, ta fara karanto mata ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana sa ta maimaita kowanne.