Ƙusar da Gafiya Ya Buga

Gafiya ake ce masa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin rami ai ba za a kira shi shaho ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa kullum a kanne kamar rana ta yi masa laifi. Haƙar rijiya ya gada, ita kaɗai ya iya. Bayan ita, ko igiyar akuya ya ɗaura sai matarsa ta bi ta gyara.

Rijiyoyi biyu ne suka cinye masa rayuwa, ɗaya a unguwarsu, ɗaya a tsallaken iyaka inda yayarsa take aure tun yana saurayi. Iyakar ba wani abin kallo ba ce, shingen waya ne da ya gaji da tsayuwa, sai rumfar kwano inda jami'ai ke gyangyaɗi. In aka ɗaga murya a wannan rijiya, ana ji a waccan. Amma ƙasa biyu ce, kowacce da tutarta da gwamnatinta. Ruwan ƙarƙashi ne kawai ba a sanar da shi an yi rabo ba, don jijiya ɗaya ke shayar da rijiyoyin.

Shekaru Gafiya ya yi yana cin abinci da wannan. Rani ya tsananta, a kira shi ya ƙara wa ta nan zurfi, ruwa ya taso, mata su yi ta sa masa albarka. Kafin a jima ta can ta ƙafe, a aiko masa, ya saɓi dagi da igiya ya tsallaka. Ya ƙara wa waccan, ta nan ta koma laka. Shi ke ganin gindin kowacce, saboda haka ya san abin da yake yi, kuma bai cika son tunanin ba. Haka aka yi ta yi har aka fasa wa wani kai a bakin shinge a kan jarka ɗaya.

Daga nan ne dattawan ɓangarorin biyu suka zauna da mutanen hukumar ruwa na nan da na can, aka ƙulla yarjejeniya mai sauƙin riƙewa. A buga ƙusar ƙarfe a gindin kowace rijiya, kada dagi ya sake wuce ta. Mutanen nan su ja ruwa da safe, na can da yamma, tsakani a bar jijiyar ta huta. Gafiya ne ya buga ƙusoshin, kuma shi kaɗai aka yarda ya riƙa sauka duka biyun yana dubawa. Maganarsa ita ce shaida. Cinikinsa ya ragu, ya koma yasar rijiya da gyaran bakinta, amma ya samu kwanciyar hankalin da bai san yana nema ba.

Bana damina ta yi gardama. Layin jarkoki ya miƙe har bayan makaranta, guga ya koma fitowa da rabi, sannan da abin da sai an tace da ɗankwali. Sai wata magana ta fara yawo, irin wadda ba a sanin bakin da ta fito, wai mutanen can sun wuce ƙusa.

Mai unguwa ya same shi a ƙofar gida da safe. "Gafiya, ka ji abin da ake faɗa?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Wanda ya gani da idonsa ne ban ji ba."

"Yara na kwana da ƙishi. Kamu ɗaya za ka ƙara mana, wa zai sani?"

"Yayata za ta sani, ita da guganta. A bar ni in je in duba tukuna. In sun wuce, ni da bakina zan faɗa a gaban kowa."

Mai unguwa ya dai tsaya yana kallon dagin da ke jingine a bango, kallon da bai yi wa Gafiya daɗi ba. Babban ɗan Gafiya, magidancin da matarsa ke jego, yana tsaye a gefe bai ɗaga kai ba.

Igiya kawai Gafiya ya ɗauka ya tsallaka. A can ba a tarbe shi da tsokanar da aka saba ba. Maza sun kewaye rijiya, hira ta mutu da isowarsa, ga wani sabon dagi a hannun ɗaya daga cikinsu. Yayarsa ta ratso su, leɓɓanta duk sun tsattsage.

"Ƙanena, an ce kun wuce ƙusa."

"Mu ma haka aka ce mana a kanku, Yaya."

"To sauka ka gani. Kai da ramin nan ai ba baƙin juna ba ne."

Ya sauka. A gindi ruwan da ƙyar ya rufe masa idon sawu. Ya lalubi bango da yatsu har ya taɓo ƙusar, ta yi tsatsa amma tana inda ya buga ta, ƙasar da ke ƙarƙashinta tauri, babu sawun dagi ko ɗaya. Kunya ta kama shi a madadin mutanensa, tare da wani sanyi a zuciya.

Da ya fito ya ce, "Ba ku taɓa ba."

Mai sabon dagin ya ce, "Wannan mun sani. Ku fa?"

Gafiya ya dafa ƙirji. "Wallahi tamu tana nan. In aka wuce ta, ni za ku nema."

Yayarsa ta juya ga mazan. "Kun dai ji. Ƙanena ba ya ƙarya. A mai da dagin nan inda aka ɗauko shi." Suka yi ta gunaguni, amma aka mayar. Ta ja shi gida ta zuba masa ruwa daga ɗan abin da ya rage mata, ta tsare shi sai da ya shanye.

Rana ta karkata lokacin da ya dawo. Tun daga shinge ya hangi taro a bakin rijiyarsu, alhali ba lokacin jansu ba ne. Da ya matso sai ga tulin ƙasa baƙa, ɗanya, tana ɗigar ruwa. Mutane suka buɗa masa hanya, kowa na kallon wani wuri. Mai unguwa ya shiga gyaran hularsa.

Igiya na motsi. Aka ja, aka ja, sai ga babban ɗan Gafiya ya fito, laka har ƙirji, dagin uban a kafaɗa.

"Baba, ruwa ya zo," ya ce. "Nonon maijego ya ƙafe, jaririyar ko kuka ta daina. Me kake so in yi?"

Gafiya ya leƙa ciki, ya ga ruwa na tasowa garai-garai, irin wanda rabonsa da gani tun bara. Ya san na wane ne, ya kuma san ruwan idon sawun da ya baro a can ba zai daɗe ba zai gudu.

Daga tsallake aka ji ƙarar guga ya bugi dutse. Aka sake zurawa, ya sake bugawa. Sannan mutanen can suka fara taruwa a jikin waya, maza da yawa a baya. Yayarsa ce a gaba, riƙe da guga babu ko ɗigo, tana neman fuskarsa a cikin taron.